Muhawara: Masoya jinsi ɗaya da suka tsufa tare a gajerun labaran al'ajabi

Hajara Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ɗauko mini bulala. Binciken digirina na biyu a kan gajerun labaran al'ajabi ne da ake rubutawa da Turanci, irin masu tsafi da aljanu da dodanni da garuruwan da babu su a taswira. Yawanci a mujallun intanet nake samunsu, kamar Strange Horizons da aka fara a 2000, da Beneath Ceaseless Skies ta 2008, da Uncanny ta 2014. Duk kyauta ake karantawa, data kawai za a ci maka.

Ga abin da na lura. A tsofaffin labarai, da zarar an ce namiji da namiji ko mace da mace masoya ne, to ka fara shirin zaman makoki, ɗaya ba zai kai shafin ƙarshe ba. A na yanzu kuwa sai ka tarar sun riga sun shekara ashirin ko talatin tare, furfura ta fito, wannan na fama da ciwon gwiwa, wancan na mitar an bar ƙofa a buɗe. Kuma labarin ba ma a kansu yake ba, a kan dodon da ya tare rijiya ne ko wata annoba da ta faɗa wa gari. Me ya kawo wannan sauyi? Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi damuna: mu me ya sa a namu labaran ko miji da mata na sunna ba mu iya nuna su sun tsufa tare?

Baffa Tudun Wada:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajara, duk faɗin adabin duniya ki rasa abin nazari sai labarin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo? Wa ya sa miki hannu a kan wannan? Malam Sani, a goge kafin yara su gani.

Malam Sani (shugaban zaure):
Ba zan goge ba, Baffa. Hukuncin addini a kan aikin babu wanda bai san shi ba a nan, kuma ba fatawa ta zo nema ba, tambayar rubutu ta yi. Amma ga ƙa'ida. Babu zagi. Babu turo batsa. Babu kama sunan wani ɗan gari ko yi masa habaici, ko da wasa, don kun san abin da irin wannan zargi ke jawowa a unguwa. Wanda ya saɓa zan fitar da shi ba tare da na tuntuɓe shi ba.

Hajara Samaru:
Na gode Malam. Yaya Baffa, babi guda ne a cikin aikin. Ba yadda za a yi mutum ya rubuta tarihin waɗannan mujallu ya tsallake shi, sai dai in ƙarya zai shirga wa masu duba aikin.

Sadiq Kongo:
Tun da an taɓo, bari in faɗi abin da doka ta ce don kada a yi ta jita-jita. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa musu ƙungiya ko ya mara mata baya ko ya bayyana irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ban da dokokin shari'a na jihohin Arewa. Karanta labari ko nazarinsa a jami'a ba ya cikin abin da ta lissafa. Sai dai an rubuta ta da faɗi, don haka kowa ya iya bakinsa.

Baba Lawal Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai tambayarki ta burge ni, bari in ba ki abin da na sani daga shekarun da na yi ina koyar da adabi.

Kashe su da ake yi a ƙarshen labari ba daga zuciyar marubuta kaɗai ya fito ba, ciniki ne. A Amurka akwai ƙa'idar tace finafinai da aka tsananta aiki da ita daga 1934 har 1968, wadda ta hana a nuna abin a fili. Masu buga ƙananan littattafai na shekarun 1950 kuma tsoron gidan waya suke ji, don yana da ikon riƙe duk abin da ya ɗauka batsa ne. To sai aka samo dabara: a bar mai karatu ya leƙa abin da ya zo leƙawa, a shafin ƙarshe kuma a biya mai tacewa hakkinsa da gawa, ko hauka, ko tuba. Kowa ya samu rabonsa, littafi ya sayu. A Ingila ma laifi ne a doka har 1967.

Daga 1981 sai ga cutar ƙanjamau. Mutuwar da a da ake ƙaƙaba wa labari ta zama ta gaske, mutane suna binne abokan zamansu suna da shekara talatin da 'yan kai. Labaran wannan zamani makoki ne zalla. Wa zai rubuta tsufa alhali tsararsa ba su kai tsufan ba?

Bayan nan dokokinsu suka juya. Holan ta halatta musu aure a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka baki ɗaya a 2015. Yaron da ya tashi yana ganin tsofaffi biyu a layinsu suna fitar da shara tare, in ya girma ya zama marubuci abin da zai rubuta ke nan, ko da ya ɗora su a kan dokin iska.

Kada kuma mu yi musu dariya, mu ma cinikin da muke yi ke nan. A littattafanmu na soyayya, yarinyar da ta bi duniya babi talatin ana kwatanta mana motocinta da lesukanta, a babin ƙarshe dole ta kwanta a gadon asibiti tana kuka. An kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, daga baya ta haɗa da marubuta, a 2007 kuma har ƙona littattafai aka yi. Marubucin da ya ga haka ai ya san inda zai ajiye gawa.

Nura Ɗan Kwangila:
Baba ya gama magana wallahi. Ni littattafan yaƙi nake karantawa tun ina firamare. Sadauki zai keta dazuzzuka, ya kashe matsafa, ya yi littafi na ɗaya har na shida yana neman gimbiya. Ranar da aka ɗaura aure sai ka ga "Tammat bi hamdillah". Ko shayin safiyar farko ba ma gani.

Maman Hanif:
Baba Allah ya ƙara girma. Ni ta ɓangaren sana'a zan duba, tun da ita nake ci. Akwai dalilin da ba na siyasa ba, na wuri ne. A gasar Hugo, wato babbar kyautar labaran al'ajabi da na kimiyya, abin da ake kira gajeren labari bai kai kalma 7,500 ba. A cikin wannan ɗan fili dole ka gina duniya sabuwa: wane ne sarki, yaya tsafin yake aiki, me ake tsoro. In ka ce kuma sai an haɗu a bakin kogi, an yi kallon-kallo, an yi fushi an shirya, fili ya ƙare ba ka shiga labarin ba. Amma in ka kawo mutum biyu da suka daɗe tare, jimla ɗaya ta isa. Ɗaya ya miƙa hannu bai ce komai ba, ɗayan ya sa masa wuƙar da yake nema. Mai karatu ya riga ya gane shekara nawa aka yi. Kuma in dodo ya kama ɗaya, ba sai ka yi dogon bayanin abin da za a rasa ba.

Wannan dabarar ba ruwanta da jinsi. Mu ne dai ba mu ɗauke ta ba.

Baffa Tudun Wada:
To Maman Hanif kin faɗi abin da nake tsoro da bakinki. Gara na da ɗin, aƙalla yaro zai karanta ya ga abin ba ya ƙarewa da daɗi. Wannan na yanzu da kuke yabo shi ne mai haɗari. Ba wa'azi, ba gardama, kawai a nuna maka tsofaffi biyu masu kirki suna dafa abinci, kana tausayinsu, kana so su tsira daga dodo. Ka karanta goma, ka karanta hamsin, zuciyarka ta daina ƙyamar abin ba ka san ranar da ta daina ba. Ku ce mini ba da gangan suke yi ba.

Hajara Samaru:
Da gangan ne, Yaya Baffa, kuma su ma ba su ɓoye ba. A 2015 mujallar Lightspeed ta ware fitowa guda sukutum ga marubuta irinsu, aka tara kuɗin bugawa daga masu karatu. Manufar a fili take: a daina kawo su labari don su mutu ko don a yi dariya. Ko a can ɗin ma ba kowa ya yarda ba. A shekarar ne wasu gungun marubuta da masu karatu suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takarar Hugo da nasu mutanen, suna cewa an mayar da gasar dandalin siyasa. Masu zaɓe suka fusata, a rukuni biyar suka zaɓi kada a ba kowa kyautar. Rigimar da muke yi yanzu su ma sun yi ta, har ta fi tamu zafi.

Inda muka rabu da kai shi ne, ni ina ganin wanda ya san yadda dabarar ke aiki ya fi wanda bai sani ba tsaro. Ƙannenmu suna karanta waɗannan abubuwa a waya ko mun yi magana ko mun yi shiru.

Baffa Tudun Wada:
Kowa haka yake cewa da farko.

Nura Ɗan Kwangila:
Hajara ba mu misali ɗaya mana, mu da ba mu karanta ba. Mai tsafta dai, kada Malam Sani ya kore mu.

Hajara Samaru:
Akwai na John Chu da ya fito a 2013 ya ci Hugo a 2014. A duniyar labarin, duk wanda ya yi ƙarya ruwa ne mai sanyi zai zubo masa a ka daga inda ba a sani ba. Ƙaramar ƙarya yayyafi, babba kuwa sai ka jiƙe sharkaf. Tauraron ɗan asalin Sin ne mazaunin Amurka, ya daɗe da abokin zamansa amma iyayensa ba su ji daga bakinsa ba, kullum kwana-kwana yake yi musu. Yanzu ga hutun Kirsimeti, ga gida cike da dangi, ga 'yar uwarsa ta tsare shi kada ya ɓata wa iyaye rai, ga shi kuma ƙarya ta daina yiwuwa.

Wurin da ya tsaya mini shi ne inda abokin ya furta cewa yana son sa, aka jira, ko ɗigo bai sauko ba. Marubucin bai yi rantsuwa ba, bai kawo waƙa ba, bushewar rigar mutumin ita ce shaida. Abin da nake so marubutanmu su gani ke nan: al'ajabin ba ado ba ne, shi ke tilasta wa mutanen labarin su fito da abin da ke cikinsu. Mu sau da yawa aljani a labarinmu aikinsa ɗaukar jarumi daga wannan gari zuwa wancan.

Nura Ɗan Kwangila:
Kai! Da wannan ruwa zai sauka a Zariya lokacin kamfen, ai da matsalar ruwan famfo ta zama tarihi. Masu kura sai su nemi wata sana'a.

Maman Hanif:
Nura Allah ya shirye ka. Lokacin zance ma a ƙofar gida sai an riƙa zuwa da lema.

Baba Lawal Ƙofar Doka:
Kun sa ni dariya. Amma 'yata, wannan da kika kawo har yanzu labarin fallasa ne, na yadda za a gaya wa iyaye. Tsani na tsakiya ke nan, tsakanin gawa da furfura. Ina na furfurar?

Kuma ina da suka a kan na furfurar, 'yan kaɗan da jikana ya buɗe mini na karanta. Sun yi zaƙi da yawa. Mutum biyu shekara talatin ba wanda ya taɓa cin amanar wani, ba gori, ba wanda ya gaji. Wannan ba zama ba ne, talla ce. Na gane dalili: an daɗe ana zana su a matsayin miyagu, yanzu marubuci na tsoron ya ba ɗaya mugun hali a ce ya koma gidan jiya. Amma tsoro ba ya haifar da labari mai kyau, ko na wane ɓangare ne.

Hajara Samaru:
Baba wannan sukar tana cikin babin nawa, har wasu masu sharhi nasu sun yi ta. Abin mamaki, wanda ya fi rai a wurina tsohon littafi ne. Ellen Kushner ta fitar da Swordspoint a 1987. Masoya maza biyu ne a cikinsa. Ɗaya ɗan takobi ne da ake haya ya kashe mutane, ɗayan tsohon ɗalibi ne mai baƙar magana da neman rigima. Ba mutanen kirki ba ne ko kaɗan, kuma a garin nasu ba wanda ya damu da alaƙarsu, abin da ake tsegumi a kai kuɗi ne da sarauta. Daga baya ta riƙa komawa kansu a gajerun labarai har zuwa tsufa da mutuwa. Mutuwar a nan ba horo ba ce, ta kwana ya ƙare ce, irin ta kowa. Bambancin ke nan da na shekarun 1950.

Sadiq Kongo:
Marubutan Afirka fa? Ko duk Turawa ne?

Hajara Samaru:
Akwai su. Muna da mujallar Omenana ta 'yan Najeriya tun 2014, ta labaran al'ajabi da na kimiyya. A labaran da ba na al'ajabi ba kuma, Monica Arac de Nyeko 'yar Yuganda ta ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2007 da labarin 'yan mata biyu da aka kama aka raba. A abin da na karanta, na Afirka ɓoyo ne da rabuwa da gudun hijira suka fi yawa. Tsofaffi biyu a gida ɗaya kowa ya sani, da wuya. Ya koma kan maganar Baba, abin da ido bai gani a layi ba alƙalami ba ya saurin kawo shi.

Anti Ladi Wusasa:
Sannunku. Tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba. Mu ma a coci koyarwar ɗaya ce da taku a kan wannan, kada Baffa ya ɗauka shi kaɗai ne. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe da koyon cewa wanda ke kan gado mutum ne kafin komai, kuma wanda ke zaune a gefensa yana masa fifita shi ma mutum ne. Ba na tambayar abin da ba a tambaye ni ba. Hukunci na mai hukunci ne.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Wannan surutu ya ɓata mana aminci. Mahaifina yana da amini Musulmi a Tudun Wada, tun suna samari. Kwano ɗaya suke ci, in suna tafiya hannunsu a sarƙe, ranar da aminin ya rasu mahaifina ya kwana uku bai iya cin tuwo ba. Ba wanda ya taɓa kawo wani tunani. Yau yara maza biyu ba sa iya riƙe hannu daga PZ zuwa kasuwar Sabon Gari sai an bi su da ido. Su na waje duk inda suka ga maza biyu sun shaƙu a tsohon littafi sai su ce ai masoya ne aka ɓoye. Mu na gida kuma mun koyi zargi. Tsakanin su da mu an kashe abu mai kyau. Wa zai rubuta mini labarin aminai biyu da suka tsufa tare, ba tare da wani ya yi masa fassara ba?

Baffa Tudun Wada:
Anti a nan kam ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Baba Lawal Ƙofar Doka:
Ladi kin taɓo babban abu. To mu dawo tambaya ta biyu, don ita ce tamu. A garin nan aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar rubutu da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a 1933 daga ofishin talifi na Zariya ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, kuma duk biyun al'ajabi ne, aljanu da tafiye-tafiye. Ku tuna su da kyau. Jarumi kullum a hanya yake. Mata ana auro su ne a zango, ko a ba shi su lada. Zaman gida ba ya cikin lissafi.

Ma'auratan da suka daɗe tare a duk adabinmu na al'ajabi, waɗanda kowane yaro ya sani, su waye? Gizo da Ƙoƙi. Shi ke nan. Shi maƙaryaci, mai haɗama, ya ci shi kaɗai ya dawo yana kukan yunwa. Ita ta san halinsa sarai, ta yi masa faɗa, wani lokaci ta rufa masa asiri, gobe kuma a wata tatsuniyar suna nan tare. Ba a taɓa ba mu labarin ranar da ya fara zuwa zance wurinta ba, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Kakanninmu mata da ke ba da tatsuniya sun riga Maman Hanif gano dabarar.

Maman Hanif:
Baba ai kuwa! Amma bari in kare mu kaɗan. Masu karanta mu a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad yawanci 'yan mata ne da amare. In na buɗe labari da Hajiya mai shekara sittin, kafin shafi na uku sun gudu. Na biyu kuma kunya. Tsoho da tsohuwa a idonmu iyaye ne, wa zai zauna ya ƙaga yadda uwarsa ke son ubansa? Shi ya sa a littattafanmu aikinsu biyu: su hana aure ko su sa albarka. In kuma an nuna tsohon aure, to rushewarsa za a nuna. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, auren da ya tara 'ya'ya tara ne, kuma labarin korar uwargida ne saboda amarya.

Anti Ladi Wusasa:
Kunyar ai ita ce labarin, 'yar uwa. Maƙwabciyarmu a da, wata tsohuwa, har ta mutu ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba, "Malam" ne ko "shi". Ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Amma duk goron da aka ba ta a biki sai ta ɓare shi biyu, ta ci rabi, rabin ta ƙulle a bakin zane. In ya dawo daga masallaci da la'asar za ta ajiye masa a kan buta, ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Da haƙoransa suka zube sai ta koma goga masa a magogi tana zubawa a murfin kwano. Kullum cikin yi masa mita take, wai ya cika yawo. Ki rubuta wannan ki ga ko 'yan matan za su gudu.

Nura Ɗan Kwangila:
Anti kin sa jikina ya yi sanyi. Amma ina aljanin? Mu fa sai da aljani.

Maman Hanif:
Tsaya, ga shi ya zo mini yanzu. Wani malami a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan, ya auri aljana shekara arba'in da suka wuce, unguwa ba wanda ya sani, kowa ya ɗauka mutum ce. Matsalar ita ba ta tsufa. Don kada a gane, kuma don kada ya ji ciwo, kowace asuba kafin ya tashi sai ta shafa toka a gashinta, ta koyi tafiya da ɗingishi, ta riƙa kukan ciwon baya na ƙarya. Shi kuma ya daɗe da ganewa, amma yana sayo mata man zafi duk ranar kasuwa. Yanzu ga ciwon ajali ya kama shi, danginta sun aiko ta dawo gida. Kada wanda ya sace mini, na riga na fara rubutawa.

Hajara Samaru:
Maman Hanif wallahi in kika gama ni zan fara fassara shi in aika wa ɗaya daga cikin mujallun nan. Masu ƙarfi a cikinsu suna biyan daga santi 8 na dala zuwa sama a kan kowace kalma.

Maman Hanif:
Kowace KALMA? Ni da nake sayar da littafi guda naira ɗari biyar, washegari in gan shi yana yawo kyauta a zaure goma?

Baffa Tudun Wada:
Wannan labarin zan karanta. Ra'ayina a kan na farkon yana nan inda yake, kuma Hajara ina nan ina jiran ki a babin nan naki in ga ko kin rubuta abin da na faɗa. Amma Maman Hanif akwai gyara. Auren mutum da aljan malamai sun yi saɓani a kansa, da yawa sun karhanta. Wa ya zama waliyyinta? Su wa suka yi shaida? Malami guda kuma?

Maman Hanif:
Baffa don girman Allah. Sadakin ma ka tambaya da wane kuɗi aka biya.

Sadiq Kongo:
A'a tambayarsa tana kan hanya. In ya mutu tana da tumunin gado ko babu? Sun haihu? Don in akwai 'ya'ya, rigimar da za a yi a gidan nan ta fi labarin tokar.

Malam Sani (shugaban zaure):
Gadon aljana a buɗe masa wani zaren daban, nan ya yi tsawo. Maman Hanif, Juma'a muke son ganin shafin farko.